Bazazzagi Ya Hau Kujerar Alƙalan Fim ɗin Koriya

Bawana ɗan Zazzau, da fatan kumburin idanunka na kukan dare ya fara sacewa. Labari ya iso Kano cewa ka samu sabuwar sana'a. An ce yanzu a majalisarku ta Tudun Wada ba a kallon fim ɗin Koriya sai an ji ta bakinka. Kai ne mai yanke wanda za a je shago a turo a waya da wanda za a bari, har maki kake bayarwa, kaza cikin goma. Ban yi mamaki sosai ba. Da ma ku mutanen Zariya, duk wanda ya taɓa giftawa ta ƙofar jami'a a Samaru, ko rake ya je sayarwa, farfesa ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kai ne fa mutumin da har kwanan baya duk fim ɗin da ya fito daga gabashin duniya sunansa Chanis a wurinka, tambayarka ta farko kuma ita ce yaushe za a fara kareti.

Na sa an kawo mini rahoton yadda kake sharhin. Kana gyara zama, ka kurɓi shayin da wani ya biya, ka ɗauko labari tun daga haihuwar jarumi har jana'izarsa, ba ka tsallake komai, har sunan wanda ya yi kisan da darakta ya ɓata awa goma sha biyar yana ɓoyewa. In ka gama sai ka ce wa jama'a lallai su nema su kalla. Su kalli me, bayan ka cinye ka suɗe? Ma'auninka kuwa ɗaya ne tal, hawaye. Fim ɗin da ya jiƙa hannun rigarka, tara cikin goma. Wanda ya sa ka shessheƙa har uwargida ta farka ta ɗauka rasuwa aka yi a cikin gari, goma cif. Da wannan ma'auni albasa ma ta ci kyauta.

Su kuwa 'yan Koriya sun daɗe da gane irinku. Tun Autumn in My Heart na 2000, inda aka musanya jarirai a asibiti aka ƙare da sankarar jini, da Winter Sonata na 2002, inda mota ta buge saurayi ya manta kowa da komai, sun san inda ake taɓawa ido ya kawo ruwa. Yaro ɗan mai kamfani, yarinya 'yar talaka mai tsiwa, uwar yaro ta kira ta gidan shan gahawa ta tura mata ambulan cike da kuɗi ta ce ta rabu mata da ɗa, in ta ƙi ta watsa mata ruwa a fuska. Kashi 16, an gama. A tsakiya kuma jarumi zai tsaya cak ya ɓare wata alewa, kyamara ta matso ta nuna sunan kamfanin, domin talla ce aka biya. An ce nan ma sai da ka yi bayani, wai alewar tana nuni ne da zaƙin soyayya.

Sai maganar fassara. Ban raina masu juya fim zuwa Hausa ba. Yaran nan suna da fasaha, kuma su ne suka kai Koriya har ɗakin tsohuwar da ba ta karanta Turancin da ke gudu a ƙasan allo. Amma kowa ya san suna ƙara gishiri. Kai kaɗai ne ka miƙe a gaban mutane kana yaba wa marubucin Koriya wai ya iya karin magana, don ka ji waziri ya ce wa yarima in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Wazirin bai san zancen ba. Wani yaro ne a ɗakin ɗaukar murya a nan Kano. Haka da ka kalli Crash Landing on You, inda guguwa ta kwashi 'yar attajirin Kudu da lemar tashinta ta jefa ta Arewa a hannun wani kaftin, an ce ka yi ta faɗa, wai me zai hana ya hau mota ya je gidansu a yi maganar aure. Malam, iyakar da ke tsakanin Seul da Pyongyang ba Kwanar Dangora ba ce. Yaƙin 1950 zuwa 1953 tsagaita wuta kawai aka yi, har yau ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba, kuma tsofaffi da yawa sun mutu ba su sake ganin 'yan'uwansu na ɗaya ɓangaren ba. Shi ya sa ma jaruman da kake so suke ɓacewa shekara ɗaya da rabi ko fiye, ka yi ta cigiya: aikin soja dole ne a kan mazansu.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya, kada a ce Bakano ba ya yi wa na ƙasa da shi adalci. Da ka ce kunya da girmama na gaba ne suka ja mutanenmu ga waɗannan fina-finai, ka faɗi daidai. Ƙane ba ya kiran sunan yayansa gatsal, ana miƙa wa babba abu da hannu biyu, ana rusunawa, saurayi da budurwa sai su ci rabin zango ba su wuce riƙe hannu ba. Abin da ya sa iyayenmu suka rungumi fim ɗin Indiya ke nan tun zamanin silimar Rex da Palace da El Dorado, kafin Indiyawan su fara rage yadi. Amma ladabin nan da ka fi yabawa, na yaro ya kau da kai gefe in zai sha abu a gaban dattijo, ka duba abin da ke cikin koriyar kwalbar. Sunansa soju, kuma ba zoɓo ba ne. Naman da suke gasawa a tsakiyar tebur suna naɗewa a ganye, wanda aka ce ka haɗiyi yawu ka ce ƙirjin rago ne, galibinsa na alade ne. Ka yi istigfari, ka ci gaba da kallo.

Mu zo kan Jumong, tunda shi ne karatun da ka sauke. Tashar MBC ta nuna shi daga 2006 zuwa 2007, kashi 81, kuma har gobe in ka ce Koriya a ƙasar Hausa shi wasu suke fara tunawa. Sharhinka a kansa bai wuce Jumong ya iya harbi, Daeso mugu ne, Yeongpo wawa ne ba. Wannan ko ɗan shekara bakwai ya gani. Abin da ya shige maka duhu shi ne rabin rigimar a maƙera take. Daular Han ta fi ƙarfin kowa ne domin sirrin ƙarfe yana hannunta, dakarunta da dawakansu cikin sulke, takobin Buyeo kuwa, ƙasar su Jumong, in ya gamu da nasu sai ya karye. Shi ya sa maƙerin nan Mopalmo, wanda ka ɗauka an sa shi ne don ban dariya, ya fi sarakunan yaƙi da yawa amfani. Ga kuma gishiri: da aka toshe wa Buyeo hanyar samunsa, sai da Jumong ya bar fada ya bi ayari nema. Sannan Soseono, wadda kai ka tsaya a kan kyanta, 'yar madugu ce. Dukiyar fataucin gidansu ce ta tsaya wa Jumong har ya kafa Goguryeo, daular da tarihinsu ya ce an kafa ta shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka ji ko? Ko a can bangon duniya, jarumi da bakansa ba ya zama sarki sai ɗan kasuwa ya kwance bakin jaka. Mu a Kano tun a kasuwar Kurmi muka san haka, ba sai mun kalli kashi 81 ba.

Inda ka kashe ni gaba ɗaya shi ne Parasite. An ce huɗu ka ba shi cikin goma, hujjarka kuma babu bos, babu soyayya, jarumin ma ba kyakkyawa ba ne. Fim ɗin da ya ɗauki babbar kyautar bikin Cannes a Faransa a 2019, ya zo a Fabrairun 2020 ya kwashi Oscar huɗu a Amurka, ya zama na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya ci kyautar gwarzon fim, shi ne ya zo Tudun Wada ya faɗi jarrabawa. Ba na cewa kyauta hujja ce, Turawa ma sukan ba shirme kyauta. Amma zauna in nuna maka abin da darakta Bong Joon-ho ya ajiye a gabanka ka tsallake.

Fim ɗin nan gaba ɗayansa hawa ne da sauka. Iyalin Kim suna zaune a irin ɗakunan nan na talakawan Seul, rabi a binne cikin ƙasa, taga daidai da ƙafafun masu wucewa, har mashayi yakan zo ya yi musu fitsari a bakinta. Masai ma sai an hau masa tudu a gidan, kuma can 'ya'yan suke ɗarewa su ɗaga waya suna farautar intanet ɗin maƙwabta. Gidan attajiri Park kuwa, inda suke aiki, sai ka hau tudu, ka shiga ƙofa, ka sake hawa matakala kafin ka ga ciyawa da rana. Darakta bai sa kowa ya tsaya ya yi maka wa'azi a kan mai kuɗi da talaka ba, ƙafafun 'yan wasa ya bari suka faɗa. Daren da aka tafka ruwan nan, kyamara ta bi uba da 'ya'yansa biyu suna gangarowa, matakala bayan matakala, ruwa yana bin dugaduginsu, har suka tarar da unguwarsu ta zama tafki, masai yana aman baƙin ruwa, yarinyar ta hau kan murfinsa ta zauna ta kunna taba domin babu sauran abin yi. Gari ya waye, matar mai gida tana bayan mota tana waya, tana murna ruwan jiya ya wanke sararin sama, a zo a yi wa ɗanta walimar zagayowar ranar haihuwa. Uban nan da yake tuƙa ta a zauren wasanni ya kwana cikin waɗanda ambaliya ta kora. Kai a daidai nan aka ce kana tambaya ko saura minti nawa.

Ga kuma wari. Don samun aiki a gidan Park, iyalin Kim sun yi ƙaryar takardar makaranta, sun yi ƙaryar suna, sun yi ƙaryar ba su san juna ba, duk ta shige. Abin da ya ƙi ɓoyuwa shi ne warin ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya kama tufafinsu, wanda ƙaramin yaron gidan ya fara shinshinowa. Wuƙar ƙarshe da aka soka a fim ɗin, toshe hanci ɗaya ne ya jawo ta. Kada kuma ka ce ƙirƙira ce kawai. A Agustan 2022 ruwa ya sauka a Seul, ya rutsa da mutum uku 'yan gida ɗaya a irin wannan ɗaki, suka mutu a ciki. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki da bokiti a tsakiyar damina, a Kano ne ko a Zariya, bai kamata a ce sai an yi masa tafsirin wannan fim ba.

Akwai kuma abin da na yi mamakin ya wuce ka, domin fanninka ne, wato bashi. Mutumin da ya shekara huɗu a ɓoye a ƙarƙashin gidan Park, wanda ka riga ka tona wa duk majalisa asirinsa, masu bin bashi yake gudu bayan shagon kek ɗinsa ya karye. Direban A Taxi Driver na 2017 bai ɗauki ɗan jaridar Jamus zuwa Gwangju don kishin ƙasa ba. Kuɗin haya ake bin sa na wata huɗu, ya ji ana maganar won 100,000, ya yi wuf ya ƙwace fasinjan wani. Sai da ya shiga garin, a watan Mayun 1980, ya ga sojojin ƙasarsa suna harbin ɗalibai da 'yan gari, sannan ya zama wani mutum daban. Squid Game na 2021, da ka ba shi takwas don an yi kisa da yawa, mutum 456 ne da bashi ya kai musu iya wuya aka tara a kan won biliyan 45.6. Wurin da ya fi ban tsoro a cikinsa ba 'yar tsanar nan mai juya kai ba ce. Kashi na biyu ne, inda aka kaɗa ƙuri'a, aka sallami kowa ya koma gida, suka sake ɗanɗanar rayuwar waje da masu bin su, sannan mafi yawansu suka dawo da ƙafarsu inda suka san wanda ya faɗi harbe shi ake yi. Shi kansa jarumin korarren ma'aikacin kamfanin motoci ne, kuma marubucin, Hwang Dong-hyuk, ya ɗauko tarihinsa ne daga yajin aikin kamfanin Ssangyong na 2009, wanda ma'aikata suka yi kwana 77 a cikin masana'anta, 'yan sanda suka far musu.

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen 1997 tattalin arzikin Koriya ta Kudu ya durƙushe, ta je ta karɓi rancen ceto na sama da dala biliyan 50 ƙarƙashin jagorancin asusun IMF, kamfanoni suka rufe, magidanta suka wayi gari ba aiki. A farkon 1998 miliyoyin mutane suka yi layi suna miƙa zoben aure da sarƙoƙi, aka tara zinare sama da tan 200 don a rage wa ƙasa nauyi. Manyan daraktocin da kake kallo yau, a wannan zamani suka yi ƙuruciyar sana'arsu. Mu mukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, mu ja riga mu rufe. Su kuwa sai suka zaro hanjin suka ɗora a allo. Ka lura kuma, mutanen nan har zoben aure suka cire don a biya. Faɗa kawai nake yi. Ban ambaci kuɗin da wani ya ara a hannuna da sunan gyaran babur ba, alhali data ya saya.

Ba kuma da ka suka yi wannan fice ba. A 1994 masu ba Shugaba Kim Young-sam shawara suka nuna masa cewa abin da fim ɗin Amurka guda ɗaya, Jurassic Park, ya samu ya kai kuɗin sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi a ƙasashen waje. A 1996 kotun tsarin mulki ta ce yanka fim kafin ya fita ya saɓa wa doka, a shekarar kuma aka fara bikin fina-finai na Busan. Doka ta tilasta wa gidajen silima nuna fim ɗin gida kwana 146 a shekara, har zuwa 2006 da aka rage zuwa 73. A 1999 Shiri ya doke Titanic a kasuwar ƙasar. Da aka sakar musu mara kuma, ba su tafi neman labarin da zai wanke ƙasarsu ba, inda ke ciwo suka dosa. Juyin mulkin da Chun Doo-hwan ya jagoranta a Disambar 1979 an mai da shi fim a 2023, aka sayar da tikiti sama da miliyan 13 a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 52 ba. Ba wai hukuma tana jin daɗi ba ne kullum. A zamanin Shugaba Park Geun-hye an bankaɗo jerin sunayen masu fasaha sama da 9,000 da aka ce kada a tallafa musu, har da Bong ɗin da daga baya ƙasar ta yi alfahari da shi.

In kana son ka fara sharhi na gaske, nemi Memories of Murder na 2003. Kisan mata ne da aka yi ta yi a yankin Hwaseong tsakanin 1986 da 1991, 'yan sanda suna dukan marasa laifi don su amsa, mai laifin yana yawonsa. Na zaɓa maka shi ne domin babu asirin da za ka tona, tunda lokacin da aka yi fim ɗin ba a kama kowa ba. Shi ya sa a ƙarshe jarumin fim ɗin, Song Kang-ho, ya juyo ya zuba ido cikin kyamara, don darakta ya san mai kisan zai iya kasancewa cikin 'yan kallo. Sai a 2019 gwajin ƙwayar halitta ya nuna shi, ashe yana kurkuku tuntuni kan wani kisan. Ka kalle shi da saurin da aka yi shi, ba ninki biyun da kake sa wa waya don ka riga 'yan majalisa gamawa ba. Ka cire yatsa daga kan allon. In ka zo ba da rahoto, faɗa mana inda kyamara ta tsaya da dalilin tsayawarta, da wanda aka bari a duhu, da abin da aka ƙi faɗa. Makin kuma ka riƙe abinka.

Saura magana ɗaya, ita ce kuma ta fi ci mini rai a madadinka. Mutanen nan sun ɗauki Jang-geum, matar da kundin tarihin fadar Joseon ya ambata a wurare kaɗan a matsayin mai duba lafiyar Sarki Jungjong, suka yi mata kashi 54 daga 2003, tun daga madafar fada, zuwa korar da aka yi mata tsibirin Jeju, har bakin shimfiɗar jinyar sarki, aka kalle ta har Iran da ƙasashen Afirka. Ku kuma kuna da Sarauniya Amina. Ba a zama da Bazazzagi minti goma bai ambace ta ba: ganuwa, yaƙi, Kwararrafa, Nufe, goro. Ga jami'a mai sashen wasan kwaikwayo a Samaru, ga Turunku da Kufena a tsaye suna jiran kyamara. Amma da Amina ta fito a Netflix a 2021, Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, da Turanci take magana, ku kuna gefe kuna gyara musu tarihi da baki. Na san abin da za ka ce, ina na Bagauda, ina na Rumfa. Mu muna da uzuri. Kasuwa ta yi mana yawa, kuma masana'antar fim ɗin Hausa ma sunan garinmu take amsawa. In kun shirya ku rubuto labarin, ku kawo Kano a duba, mu zuba kuɗin. Kai ma na ware maka fitowa: kai ne mai gadin ƙofar ganuwa da kibiyar farko za ta samu. Ba sai ka haddace komai ba, ka tsaya, a harbo, ka faɗi. Ka zo da rawaninka, namu ba ma ba mutanen Zariya aro.